Sayen tsohon fulat a Garki da Wuse: Fili ke tsada, gini tsufa yake yi

Duk wanda ya ratsa Area 2 ko Area 8 a Garki, ko ya bi ta Zone 3 da Zone 6 a Wuse, zai ga zamani biyu suna kallon juna. A wannan gefen titi tsohon bene ne wanda fentinsa ya koɗe, da shanya a baranda da tankunan ruwa jere a tsakar gida. A ɗaya gefen kuwa ɗan'uwansa ne da aka yi wa kwaskwarima: baƙin gilashi, allon kamfani, mai gadi a bakin ƙofa. Asalinsu ɗaya. Gwamnati ce ta gina su domin ma'aikatanta a shekarun da ake shirin tasowa daga Legas, ƙaurar da aka kammala a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Yau ɗaya yana jiran mai saye, ɗayan ya riga ya samu.

Tambayar da ke yawo a ofisoshin Sakatariyar Tarayya ita ce: ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗaɗe, ya zuba su a irin wannan tsohon fulat, ko kuwa ya nufi Kuje ko Karshi ya sayi fili ya riƙa gini a hankali? Amsar dillalai ɗaya ce: unguwa tana tasowa, wanda ya yi jinkiri ya rasa. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Abin da ke ƙara daraja a Garki da Wuse filin ne. Ginin da ke kansa kuwa kowace damina ƙara tsufa yake yi. Mai sayen fulat zai ɗauki tsufan gaba ɗaya a cikin ɗakunansa, alhali a filin kaso kawai gare shi, kason da ba zai iya yankewa ya sayar shi kaɗai ba. Wanda ya shiga cinikin da wannan sani zai iya yin sayayya mafi albarka a rayuwar aikinsa. Wanda ya shiga da lissafin dillali kuwa rariya ya saya, kuma ranar zubar ruwa tana nan tafe.

Yadda gidajen suka fita daga hannun gwamnati

A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da haƙƙoƙin ma'aikata kuɗi. Gida da mota da direba da gwamnati ke bayarwa suka koma alawus a cikin albashi. Abin da ya biyo baya shi ne sayar da gidajen gwamnati da ke Abuja, wanda aka fara a 2005 lokacin Nasir El-Rufa'i yana ministan Babban Birnin Tarayya. An bai wa ma'aikatan da ke zaune a ciki damar fara saye, sauran kuma aka yi gwanjonsu. Dubban iyalai suka wayi gari masu gida a tsakiyar birni.

Kusan shekara ashirin ke nan. Wanda ya saya yana ɗan shekara arba'in da biyar yanzu ya yi ritaya. Wasu sun koma garuruwansu, wasu sun riga mu gidan gaskiya, gidajen sun zama na magada. Wannan ne ya sa tsofaffin fulat ke fitowa kasuwa ɗaya bayan ɗaya. A lokaci guda kuma masu kuɗi sun gano abin da ke ƙarƙashin koɗaɗɗen fentin. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse II, titin Gana a Maitama da titin Gimbiya a Area 11, duk an tsara su ne da gidajen zama a gefensu, yau bankuna da otal-otal da asibitoci da gidajen abinci ne suka mamaye su. Guguwar da ta cinye waɗannan tituna ita ce ke kutsawa lungunan da ke bayansu, da ofisoshi da gidajen haya na kwana-kwana.

Abin da tsohon gini ya fi sabo da shi

Hujjar saye tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Garki da Wuse suna cikin zangon farko na taswirar Abuja, tare da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni. A nan ne aka shimfiɗa komai kafin a aza tubali: tituna masu kwalta da magudanai, bututun ruwa daga madatsar Usuma, da babbar hanyar bahaya ta ƙarƙashin ƙasa wadda ke kaiwa matatar Wupa. Mazaunin sabon rukunin gidaje a Lugbe ko Lokogoma sau da yawa shi zai haƙa rijiyar burtsatse, shi zai gina sokawe, shi zai yi karo-karon taransifoma da gyaran hanya. Ɗakunan tsofaffin benayen kuma galibi sun fi na yanzu faɗi, da tagogin da iska ke ratsawa, da bishiyoyin da suka kai shekara talatin suna ba da inuwa.

Sai babbar hujja, wato lokaci. Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba ko Masaka ya san cunkoson Nyanya da gangaren Kugbo kamar yunwar cikinsa. Na Kubwa da Suleja su ma da nasu. Idan mutum yana ɓatar da awa uku a hanya kowace ranar aiki, a shekara ya ƙone fiye da awa 700, kusan wata guda cur dare da rana. Kafin 29 ga Mayu, 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Hadimin da maigidansa zai iya nema da ƙarfe goma na dare ya fi kowa sanin darajar gidan da ke da tafiyar minti goma daga ofis. Wanda ya sayi fulat a Garki domin ya zauna, ribarsa tana farawa daga ranar da ya tare, ko farashin gidan ya tashi ko bai tashi ba.

To amma wannan riba tana rataye ne a kan abubuwa uku da ido ba ya gani ranar da dillali ya buɗe ƙofa: takarda, ƙashin gini, da maƙwabta.

Takarda kafin makulli

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta bai wa kowa mallakar fili ta har abada ba. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99, kuma ba a miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna. A Abuja ministan birnin ne ke ba da wannan amincewa. Saboda tsadar bin wannan hanya da jinkirinta, gidaje da yawa sun sauya hannu sau biyu ko uku da takardar wakilci da rasit kawai, sunan ma'aikacin farko yana nan a kundin hukuma. Mai saye na huɗu da ya karɓi irin wannan tarin takardu cinikin biri a sama ya yi. Banki ba zai karɓi gidan jingina ba, kuma ranar da rigima ta taso sunan da ke kundi shi ne abin da kotu za ta fara dubawa.

Don haka matakin farko shi ne binciken lauya a hukumar AGIS, kafin a biya ko sisin kwabo na kafin alƙalami. Binciken zai nuna sunan mai haƙƙi, ya nuna ko an jinginar da gidan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawan waɗanda suka saya a zamanin gwanjon da lamunin banki suka biya, kuma ba kowa ne ya kammala ya karɓo takardarsa ba. Idan mai gidan ya rasu, sai an ga takardar izinin kula da gado daga kotu, ko hukuncin rabon gado, da sa hannun duk wanda ke da kaso. Babban ɗa shi kaɗai ba ya sayar da gidan da ƙannensa da matan mahaifinsa ke da haƙƙi a ciki, komai kyawun fuskarsa da zaƙin bakinsa.

Akwai kuma bashin da ke bin gida duk inda ya je. A watan Maris na 2025 Hukumar Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ta sanar da soke takardun mallaka 4,794 saboda rashin biyan harajin fili na fiye da shekara goma, kuma Garki da Wuse suna cikin unguwannin da abin ya shafa. A watan Mayu aka fara rufe gine-gine, har da hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse Zone 5, kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da wa'adin kwana 14 a biya. Idan irin wannan gini bai tsira ba, fulat ɗin ma'aikaci mai matakin albashi na 12 ba shi da wata kariya. Rasit ɗin harajin fili, da na hukumar ruwa, da na kwasar shara, da bashin da ke kan mitar wuta, duk a gan su a rubuce, a cire abin da ya rage daga farashi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Mai sayarwa ya san aibin gidansa, kuma bokitin fenti biyu sun isa su ɓoye shi na wata shida. Shi ya sa kuɗin da aka biya injiniyan gini mai rajista ya duba bene tun daga tushe har rufi ya fi kowane kuɗi amfani a cikin cinikin. A ginin da ya haura shekara talatin da biyar, abubuwan dubawa sanannu ne. Bututun ƙarfe na da yana tsatsa daga ciki, ya toshe ko ya riƙa tsiyaya a cikin bango. Ruwan da ya daɗe yana ratsa kankare yana kaiwa ga rodi. Rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin da ke lulluɓe da shi. Alamarsa ita ce ɓawon siminti da ke faɗowa daga ƙasan baranda ko silin banɗaki, da jan tabo a jiki. Wayoyin wuta an sa su ne a zamanin fanka da rediyo da firji ɗaya, yanzu ana ɗora musu na'urar sanyaya ɗaki uku da tukunyar lantarki. Wasu gine-ginen wancan zamani kuma da allunan asbestos aka yi musu sili ko rufi, kuma ƙurarsa tana jawo cutar daji idan aka farfasa shi ba tare da kariya ba.

Tasowar unguwa ita ma tana ƙara wa gini nauyin da ba a tsara shi da shi ba. Wanda ya sayi fulat ɗin ƙasa domin ya mayar da shi ofis ko shago yakan rushe bango don ya faɗaɗa falo, ba tare da ya tambayi abin da bangon ke ɗauke da shi ba. Na sama ya ɗora tankuna da faifan sola a kan rufi. Na tsakiya ya toshe baranda da bulo ya ƙara ɗaki. Kowa a cikin nasa yake aiki, amma ƙashin ginin ɗaya ne. A watan Agustan 2023 wani bene ya rufta a titin Legas da ke ƙauyen Garki, mutum biyu suka rasu. Ba ya cikin benayen ma'aikata da ake magana a kansu, amma ya isa tunatarwa cewa kankare ba ya jin sunan unguwa.

Lokacin da ya fi dacewa a duba tsohon gida shi ne tsakiyar damina, Agusta ko Satumba, da rana bayan an ɗauke ruwa. Ya kamata kuma mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofar na ƙasa da na sama ya gaisa. Abin da maƙwabci zai faɗa a minti biyar, dillali ba zai faɗe shi ba ko a shekara.

Rufi na kowa, rufi ba na kowa ba

A nan ne ainihin raunin yake. Lokacin da gwamnati ke da benayen, mai gida ɗaya ne; ko ya gyara ko ya yi sakaci, an san ƙofar da za a buga. Da aka sayar, bene ɗaya ya zama na mutum shida ko takwas ko goma sha biyu. Kowa ya san iyakar ɗakinsa. Rufi da matakala da bututun bahaya da katanga kuwa sun zama marayu. Rufi ya yi yoyo, na ƙasa ya ce shi ruwa bai taɓa shi ba. Bahaya ta toshe, na sama ya ce shi bai ji wari ba. Mai fulat na uku yana Kaduna, ɗan haya ya bari. Na huɗu magada ne da ba sa ga-maciji da juna.

Tasowar unguwa tana ƙara raba kawunan. Tsohon ma'aikaci mai fansho yana son a bar kuɗin hidima yadda yake, don abin da yake karɓa a wata ba ya miƙewa. Sabon mai saye da ya zuba miliyoyi yana son janareta na bai-ɗaya da masu gadi da kyamarori. Mai hayar kwana-kwana baƙi yake so, ko da kiɗansu zai hana yara barci. Wani kuma ya sayi fulat biyu ya kulle, yana jiran ranar da sauran za su gaji su sayar masa, ya rushe ya gina plaza. Lalacewar ginin ma riba ce a wurinsa. Darajar filin da dillali ke kwaɗaita wa mai saye ba ta zama kuɗi a hannu sai ranar da duk masu benen suka yarda su sayar tare. Kafin wannan rana, wadda mai yiwuwa ba za ta zo ba, abin da mutum ke da shi fulat ne a cikin ginin da ke tsufa.

Saboda haka mai saye ya tambaya: akwai ƙungiyar masu benen? Tana da rubutacciyar yarjejeniya? Tana da asusu a banki, kuma nawa ne a ciki? Yaushe aka gyara rufi, wa ya biya? Fulat nawa masu su ke zaune a ciki? Benen da yawancin masu shi ke kwana a cikinsa ya fi wanda ya fi shi kyan fenti amma duk 'yan haya ne. Inda aka samu maƙwabta masu fahimta, yana da kyau a rubuta cewa duk wanda zai sayar sai ya fara yi wa abokan benensa tayi. Ba baƙon abu ba ne. Haƙƙin shuf'a da malaman fiƙihu suka yi bayani a kan wannan hikima aka gina shi.

Lissafin aljihu

Ma'aikacin tarayya yana da ƙofofi da ɗan kasuwa ba shi da su. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, yana ba da lamuni ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, har zuwa shekara 30, kuma an ɗaga iyakarsa daga naira miliyan 15 zuwa miliyan 50. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta amince mutum ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fanshonsa ya biya kason farko na lamunin gida. Akwai kuma hukumar ba ma'aikatan tarayya rancen gidaje. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da shi.

Sai dai alƙalami ba ya jin kunya. Naira miliyan 50 a kan kashi 6 cikin ɗari na shekara 30 tana nufin biyan kusan naira 300,000 kowane wata. Masu ba da lamuni ba sa son biyan ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu, ke nan sai mai samun kusan naira 900,000. Wanda shekara 15 ta rage masa ya yi ritaya kuwa, biyansa zai haura naira 420,000. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan lissafi ya nuna ko su wa ƙofar ke buɗe wa. A kan farashin kuma akwai ladan dillali, da kuɗin lauya, da na amincewar minista da rajista, sannan gyara. Wanda ya kwashe duk abin da ya mallaka ya biya kuɗin gida, bai bar na bututu da waya da kasonsa na rufi ba, ya sayi wahala da kuɗinsa. Taɓa ajiyar fansho kuma yana da ma'ana ne kawai idan gidan zai rufa wa mutum asiri bayan ritaya. A ci fansho don cacar tashin farashi, wannan ganganci ne.

Abin da ya rage wa hukuma

Ba duka nauyin ke kan mai saye ba. Gwamnatin da ta raba bene ɗaya ga mutum goma ita ya kamata ta shimfiɗa ƙa'idar zamansu. Afirka ta Kudu tana da dokar mallakar sashen gini ta 1986, Kenya ta sabunta tata a 2020. Irin waɗannan dokoki suna mayar da masu fulat ƙungiya ɗaya a idon shari'a, wadda ke kula da abin da aka yi tarayya a kansa, take karɓar kuɗin gyara daga kowa, take kuma iya kai wanda ya ƙi biya kotu. Majalisar Tarayya ita ce ke yi wa Abuja doka, kuma da yawan waɗanda ke rubuta wa 'yan majalisa da ministoci takardu a irin waɗannan benaye suke zaune ko suke fatan zama. Sun fi kowa sanin inda ke yoyo.

Haka nan sashen kula da tsarin gine-gine ya kamata ya riƙa duba lafiyar benayen da suka haura shekara talatin a kai a kai, ya kuma tsaya a kan cewa gidan zama gidan zama ne. Idan tara ce kawai hukuncin mayar da gida ofis, mai kuɗi zai sa ta cikin lissafin jari ya wuce. Ƙarshen abin shi ne birnin da aka gina domin ma'aikata ya zama wurin da ma'aikaci ke shigowa da safe ya fice da yamma kamar baƙo.

Tsohon fulat a Garki ko Wuse yana iya zama ƙofa ta ƙarshe da ta rage wa ma'aikaci mai matsakaicin ƙarfi ya zauna kusa da wurin aikinsa, kuma ƙofar tana ƙara ƙunci kowace shekara. Wanda ya samu mai tsabtatacciyar takarda, mai lafiyayyen ƙashi, mai maƙwabtan da ke amsa sallama su kuma biya kasonsu, ya saya ya tare da iyalinsa. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, ya riƙe kuɗinsa, komai yawan kiran da dillali zai yi masa.